Sunayen da Na Sa a Bakin Faifai

Na san abin da Goggonku Hajara ta faɗa muku game da faifan kakanku, domin ta fi shekara arba'in tana faɗa, kuma ba ta taɓa rage murya don na shigo ɗakin ba. Ta ce muku kuskure na yi. Ta ce an bar ɗan boko a Legas da waƙar ubansa, aka miƙa masa takarda da Turanci, ya rikice, ya sa ƙarshen waƙa a farkonta. Ran da take jin kirki takan ƙara da cewa ƙuruciya ce. To, ina so ku sani tun ina da ƙarfin riƙe biro: ban rikice ba. Takardar nan layi uku ce kacal, ni kuwa na ƙare rayuwata ina gyara wa 'ya'yan mutane takardun da suka fi ta wuya. Da gangan na yi. Ga yadda aka yi, in kun gama karantawa sai ku yanke mini hukuncin da kuka ga dama, amma ku yanke shi a kan abin da na aikata.

Kakanku, Malam Idi, masaƙi ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a Kaduna. Ku da kuka tashi kuka tarar da gine-ginen nan shiru, itatuwa sun fasa rufinsu, ba za ku gane irin ƙarar da ke ciki ba. Injuna ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, kowanne yana dukan ƙarfe da ƙarfe. Ma'aikatan ba sa magana da baki a wurin aiki, da hannu da ido suke yi. Wanda ya shekara goma a ɗakin saƙa kunnensa ya fara tafiya, wanda ya shekara ashirin sai ka tsaya a gabansa ya ga leɓenka. Shi ya sa a gidan hayar da muka tashi a Makera ba a san raɗa ba. In maƙwabcinmu Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna da injinsa ke kusa da na babanmu, ya fito gaisuwar safe, har masu shayi na bakin titi sukan amsa.

Baba shi kaɗai ya tsira da kunnensa a lokacin, domin kullum yakan cusa auduga kafin ya shiga. Abokan aiki suna yi masa dariya, suna ce masa amarya. Shi kuwa yana da abin da yake tanadin kunnen dominsa. Yana kaɗa kukuma. Ran Lahadi da ranakun suna da biki, shi da mai kalangunsa, yakan zauna ya yi waƙa, kuma yana da wata doguwa da ya shekara da shekaru yana ginawa. Tsarinta irin wanda kowane makaɗi ya gada ne. A fara da sunan Allah da salati. Sai maigida, wanda ake cin arzikinsa, da iyayensa da kakanninsa da motocinsa. In an gama da manya, can ƙarshe, sai makaɗi ya waiwayi 'yan uwansa talakawa. A nan Baba yakan jero mutanen ɗakin saƙa ɗaya bayan ɗaya, Musulmi da Kirista, kowa da lambar injinsa da halinsa, wanda ke satar barci a tsaye da wanda ba ya raba ƙosai da kowa.

Maigidan da ke cikin waƙar shi ne Alhaji Tanko, dilan atamfa. Shekarar da na fara koyar da kimiyya a makarantar sakandare, Alhaji ya ga wani abokin kasuwancinsa an yi masa waƙa a faifai, abin ya tsaya masa a rai. Ya kira Baba ya ce zai ɗauki nauyin faifai guda. Ya ƙara da alkawarin da ya hana gidanmu barci: in faifan ya yi masa, zai fitar da Baba daga masaƙa, ya ba shi shago a kasuwar Kakuri, ya zama makaɗinsa na kansa. Innarmu ba ta jira faifai ba, tun a makon ta fara yi wa matan gida bayanin kalar fentin shagon.

Ni aka haɗa da Baba zuwa Legas, don ni ne mai Turanci, kuma makarantu suna hutu. Injiniyan da zai ɗauki muryar, Mista Kunle, Bayarabe ne da ya tashi a Sabon Garin Zariya, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ya shimfiɗa mana faifai biyu a kan tebur. Ƙarami, inci bakwai, mai juyi arba'in da biyar a minti. Babba, inci goma sha biyu, mai juyi talatin da uku da 'yan kai. Ya ce ƙaramin ya fi saurin juyi, don haka sautinsa ya fi fita tas, kuma shi masu shaguna suka fi saye. Aibinsa ɗaya, ba ya wuce minti huɗu zuwa biyar a kowane gefe.

"Minti huɗu?" in ji Baba. "Ɗana, a minti huɗu ban gama gaisuwa ba."

"Baba, na garmaho na dā ma uku ne."

"Shi ya sa in ka saurare su kamar an biyo su da sanda. Ba ni babban."

Aka ɗauki waƙar a kan tef, zama ɗaya, ba tuntuɓe. Minti arba'in da takwas. Buɗewa uku, Alhaji talatin, masaƙa goma sha biyar. Washegari Baba ya hau jirgin ƙasa ya koma, domin hutun da aka ba shi ya ƙare. Ya bar ni in ga an yanka faifai, in sa hannu. Abin da ya ce mini a tasha shi ne in kula kada su rage masa ko suna ɗaya. Ban rage ba. Ku riƙe wannan.

Da na koma ɗakin ɗaukar murya, na tarar da Mista Kunle yana tauna bayan fensir.

"Ticha, zo ka ga matsalarmu. Babban faifai yana jin daɗin minti ashirin a gefe, ko da ɗan ƙari. Ku kun kawo ashirin da huɗu. Zan iya, amma sai na matse layukan, in na matse kuma dole in rage ƙarfin murya."

Ya nuna mini da madubin ƙara girma. Abin da muke gani kamar zobba a fuskar faifai layi ɗaya ne tak, ya nannaɗe daga baki zuwa ciki, allura tana binsa tana karkarwa, karkarwar ce sauti. Murya mai ƙarfi da kalangu mai nauyi suna sa allura ta yi lilo da faɗi, saboda haka suna cin fili. In kana son lokaci, sai ka sayar da ƙarfi. In kana son ƙarfi, sai ka sayar da lokaci. Wannan ban yi mamakinsa ba. Abin da ya faɗa bayan nan ne ya sa na jawo kujera.

"Kuma ka sani, bakin faifai da cikinsa ba ɗaya ba ne. Mai kyau a baki yake. Can kusa da takardar tsakiya sauti yakan dushe, ya yi kauri, harafi ya hau kan harafi."

Malamin kimiyya ba ya buƙatar a maimaita masa wannan. Faifai yana juyawa da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, amma zoben baki ya ninka na ciki tsawo har da ƙari. Kalmar da aka shimfiɗa a baki tana da filin miƙe ƙafa. Ita kanta kalmar, in ta faɗo ciki, sai a cusa ta a ƙasa da rabin wannan fili. Duk wanda ya taɓa gyara jarrabawa ya san ɗalibin da ke fara shafi da manyan baƙaƙe, in ya ga takarda za ta ƙare ya dunƙule sauran amsar a gindin shafi yadda shi kansa ba zai iya karantawa ba. Haka faifai yake rubutu.

Na ɗauki fensir na yi lissafi. In aka bi waƙar yadda take, Alhaji zai cinye gefen farko, ya tsallaka ya cinye bakin gefe na biyu. Masaƙa su gangara ciki, a muryar da aka riga aka rage. Baba Yohanna, wanda Baba ke ajiyewa can kusa da rufewa saboda shi ne na hannun dama, zai faɗo daidai inda allura ke shirin tashi. Na tuna ranar da za mu taho, ya riƙe hannuna a ƙofar gida yana ihu kamar ina tsallaken kogi.

"Sule! Ka ce wa Turawan nan su sa da ƙarfi! Shekara goma ke nan ana ce mini ina cikin waƙar nan, ni dai bakin Idi kawai nake gani yana motsi!"

Mun yi dariya a lokacin. A ɗakin Mista Kunle ban yi ba. Mutum goma sha tara ne a wannan ɓangare, kuma na san su duka, na san babu ko biyar a cikinsu da za su ji sunansu in aka bi tsarin gado. Tsarin an yi shi ne don dandali, inda makaɗi in ya zo kanka yakan taso ya tsaya a gabanka ya ɗaga murya. Wanda ya tsara shi bai san da faifai ba.

"Mista Kunle, in aka ba gefen farko minti goma sha takwas kawai fa?"

"Ah! Zai yi tsawa. Kurma ma sai ya waiwaya."

"Shi nake nema. Buɗewa da masaƙa a gefen farko. Alhaji shi kaɗai a na biyu."

Ya cire fensir daga baki. "Talatin a gefe ɗaya? Ticha, sai na matse layi kamar haƙoran matsefi, in rage kalangu, in rage murya. Alhajinku zai fito kamar yana amsa gaisuwa daga cikin rijiya."

"Alhaji bai taɓa wuni a ɗakin saƙa ba. Kunnensa lafiya lau."

"Shi ne fa mai faifan."

"Na sani."

"Babanka ya sani?"

Na zaro birona daga aljihu. Ya dube ni, ya turo takardar. Layi uku, kowane ɓangare da gurbin lambarsa. Na rubuta ɗaya, uku, biyu, na sa hannu. Ya ɗauki reza ya yanke tef daidai inda Baba ke tsayawa ya ja numfashi, ya sauya, ya liƙe. Ko mai kalangun ba zai gane wurin ɗinkin ba. Har na roƙe shi ya bar jerin sunayen yadda yake, tunda a minti goma sha takwas allura ba za ta kai can cikin da ke dushewa ba.

Ga laifina na gaskiya, kuma ba shi Goggonku ke faɗa ba. Wata biyu aka yi kafin fayafayan su iso. Wata biyu ina cin tuwo kwano ɗaya da Baba, yana tambayata ko muryarsa ta fita, ina cewa ta fita. Na iya yi wa ajin yara arba'in bayanin abin da ya sa ƙarfe ke nutsewa jirgin ruwa kuma ba ya nutsewa, amma na kasa buɗe baki in yi wa ubana bayanin zobe biyu. Tsoro ne, ba shi da wani suna.

Alhaji ya sa ranar Lahadi bayan la'asar. Aka jera kujeru a ƙofar gidansa, aka fito da rediyogiram, babban injin nan mai rediyo da faifai, aka jona masa lasifika. 'Yan kasuwa a gaba da manyan riguna, Baba a gefe kan tabarma, masaƙa a tsaitsaye can baya. Baba Yohanna bai ko cire kwat ɗin zuwa coci ba. Alhaji da hannunsa ya ɗora allura. Kukuma ta tashi, garau, kalangu ya shigo har kana jinsa a ƙirji. Aka yi sunan Allah, aka yi salati. Alhaji ya gyara zama, ya gyara hula, ya sunkuyar da kai irin na mutumin da za a yaba kuma yana so a ga ba ya so.

Sai muryar Baba ta ce, Audu na inji na uku.

Na ga wuyan Baba ya sandare. Can baya kuwa wani ya ce, "Kai! Ni ne!" Daga nan abin ya ɓalle. Duk wanda aka kira sai ya amsa, na kusa da shi su dake shi a kafaɗa. Mutanen da suka saba karanta leɓe suka tsaya baki buɗe suna ji da kunnensu. Da aka zo kusa da ƙarshe, muryar ta fito kamar Baba na tsaye a kan rufin gidan:

Yohanna na inji na bakwai,
zarena ya tsinke, kai ka ɗaura,
ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

"Na'am!" in ji Baba Yohanna, da muryar da ta tada tantabarun gidan. "Na'am, Idi! Na ji! Wallahi na ji!" Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Dattijo ne mai 'ya'ya shida.

Allura ta tashi. Alhaji bai ɗago ba.

"A juya," ya ce.

Aka juya. Mista Kunle bai yi ƙarya ba. Kakannin Alhaji suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, sirara, kamar ana karanto su daga gidan maƙwabta.

"A ƙara murya."

"Ranka ya daɗe, ta ƙure."

Bai bari an kai kan motocinsa ba. Ya ɗaga allurar, ya zare faifan, ya miƙa wa Baba da yatsa biyu.

"Malam Idi, ashe abokanka na yi wa faifai. Ɗauki, ka kai musu. Allah ya ba da sa'a."

Sauran kwalayen fayafayan ya sa aka kulle a sito, ban sake jin labarinsu ba. Shago kuma ba a sake ambatonsa ba, sai a bakin Inna, ita ma cikin kuka.

A gida Baba ya zauna a kan turmi da faifan a cinya. Ya kira ni.

"Sule. Kai ka yi, ko su suka yi?"

Kafin in buɗe baki Yaya Hajara ta faɗo tsakani. "Baba, kuskure ne! Turancin nan ne ya ruɗa shi. A je a ba Alhaji haƙuri, a ce kuskure ne."

Kun ga inda labarin kuskure ya samo asali. Yaya Hajara ta buɗe mini ƙofa ne don in tsira, saboda tana sona, kuma ban taɓa mance mata wannan ba. Da na bi ta ƙofar, wataƙila da Alhaji ya huce, ya sa an sake yanka faifan yadda ya saba, Baba ya samu shagonsa.

"Ni na yi, Baba. Da sanina."

Na fara bayanin baki da ciki, ya ɗaga hannu.

"Waƙar taka ce?"

"A'a."

"Kai ka shekara goma sha biyar kana ɗinka ta?"

"A'a."

"To."

Wata bakwai ban ji wata kalma daga bakinsa ba in ban da amsar gaisuwa. Labari ya zaga cewa makaɗin nan ya sa talakawa gaban maigida, babu attajirin da ya sake nemansa. Ya koma ɗakin saƙa, ya ƙara shekara goma sha ɗaya. Auduga tana da iyakarta. Kunnen da ya yi ta tanadi ya tafi a hankali, har ran da ya kasa jin ko kukumarsa ta saki, ya rataye ta a ƙusa. Goggonku ta ce ni na kurmantar da ubanmu. Ba zan ce mata ƙarya take yi ba. Na auna wannan a raina fiye da yadda ta auna, kuma ba ta san nauyinsa kamar ni ba.

Amma kada wani a cikinku ya je kabarina ya nema mini gafarar kuskure. Alhaji Tanko yana jin sunansa sau hamsin a wuni, daga bakin yaransa, da direbobinsa, da maroƙan da ke kwana a ƙofarsa. Mutanen nan goma sha tara lamba ce a jikin kati, ranar da masaƙa ta rufe ko takardar sallama wasunsu ba su gani ba. Yau ku bi Kakuri ku tambayi masu sayar da kayan gyaran babur a bakin tsohuwar ƙofar masaƙa wane ne Audu na inji na uku. Wuri ɗaya ya rage a duniya da aka kira su da sunansu, da ƙarfi, a inda ya fi kyau. Ni na sa su a can. In aka sake miƙo mini takardar, zan faɗa wa Baba tukuna, in sha faɗan da zan sha, sannan in rubuta ɗaya, uku, biyu.

Faifan yana cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakina, a naɗe cikin tsohon zanen Inna. Ku fito da shi rana ku karkata shi. Gefe na biyu baƙi ne wuluk, yana ƙyalli kamar jiya aka yanka. Gefen farko ya yi furfura, allura ta cinye shi. Goggonku za ta ce ai don shi kaɗai kurma ke iya ji. Ku tambaye ta wa ya sayo ƙaramin injin faifai na hannu tun cikin watannin nan bakwai da ba a yi mini magana, lokacin kunnen Baba garau, kuma su wa ke cika tsakar gidanmu kowace Lahadi.

Shekarar da Baba zai rasu na je gaishe shi wata Lahadi da hantsi. Baba Yohanna ya riga shi tafiya, yawancin mutanen waƙar ma haka. Na same shi shi kaɗai, ya manna kunne a jikin lasifika, muryar a ƙure. Allura ta kai ƙarshe. Na miƙa hannu zan juya faifan, don in ga abin da zai yi. Ya make mini hannu kamar ina ɗan shekara shida.

"Bar shi! Mayar da ita baki!"

Na ɗaga allurar. Ya kama hannun rigata, ya dube ni, ya yi magana da irin muryar mutanen ɗakin saƙa, wadda duk gidan sai da ya ji.

"Har yanzu ban ce ka yi daidai ba!"

"Na ji, Baba."

"Me ka ce?"

"Na ce na ji!"

"To me kake jira? Mayar da ita!"

Na mayar da ita baki.